Zanzibar, Maldives ko Mauritius: wane tsibiri ya dace da fitar farko da iyali daga Kebbi?

Magidancin da ya tara ɗan abin hannunsa, ya ƙudura cewa bana sai ya kai iyalinsa sun ga teku, sunaye uku ne suka fi kai-komo a kunnensa: Zanzibar, Maldives da Mauritius. A hoto duk kamanninsu ɗaya, farin yashi, shuɗin ruwa da itatuwan kwakwa. Bambancin yana fitowa ne ga wanda zai taso daga Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yauri, da koren fasfo a hannu, da uwargida mai hijabi, da yara waɗanda ba su taɓa kwana a filin jirgi ba. Shi nake rubuta wa wannan.

Ga ma'aunin da zan bi. Na farko shi ne shiga: yaya bizar take ga ɗan Najeriya, kuma sau nawa za a sauya jirgi? Na biyu kuɗi. Na uku, wanda a ganina ya kamata a ba shi nauyi fiye da yadda ake ba shi, shi ne kwanciyar hankalin iyali: abincin halal, masallaci kusa, da wurin da mace za ta zauna a bakin ruwa ba tare da ta takura ba. Sai lokaci, domin hutun makaranta ne ke yanke wa mai yara ranar tafiya. Sai haɗari, wato ruwa, sauro da nisan asibiti. Na ƙarshe shi ne ko daɗin wurin zai ɗore: akwai abin da zai riƙe yara kwana bakwai, ko a rana ta uku za su fara tambayar yaushe za a koma gida?

Abin da ya haɗa su duka

Babu ɗaya daga cikin ukun da za ka je kai tsaye daga gida. Ko dai ka hau jirgi daga filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi ko na Sakkwato zuwa Abuja, ko ka bi mota zuwa Kano, da rana, ka kwana can. Daga Kano da Abuja akwai jirgin Ethiopian Airlines zuwa Addis Ababa da na Qatar Airways zuwa Doha, kuma waɗannan biranen biyu su ne manyan mahaɗar tafiyar. Kada ka haɗa jirgin cikin gida da na waje a yini ɗaya. Jinkirin sa'o'i uku a gida yana iya cinye tikitin mutum shida.

Kowane yaro sai da fasfonsa, har jinjiri, kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Kowa sai da katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin yalo, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da ake neman wannan shaida daga matafiyansu. Ana yi wa yaro allurar daga wata tara.

A lissafin kuɗi, tikiti ne babban kaso. Yaron da bai kai shekara biyu ba galibi ɗan kaso kaɗan ake biya masa tunda a cinya zai zauna, amma daga shekara biyu kujera ce cikakkiya da ɗan rangwame. Mai mata biyu kuma ya sani ɗaki biyu zai kama ko fiye, don haka farashin ɗaki ɗaya da ya gani a intanet rabin labari ne. Dokokin biza suna sauyawa, saboda haka duk abin da na faɗa a ƙasa a sake tabbatar da shi a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar kafin a biya ko kwabo.

Zanzibar

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewarsa da Tanganyika a 1964. Manyan tsibiransa biyu ne, Unguja da Pemba, kuma Unguja ake nufi idan an ce za a je yawon buɗe ido. Mutanensa sun kusa miliyan biyu, kusan dukkansu Musulmi.

Wahalarsa a ƙofa take. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ta intanet ya jira amincewar hukuma, kuma jiran yakan ɗauki makonni. Wanda ke son tafiya a watan Agusta ya fara nema tun Mayu. Ban da biza, tun watan Oktoba na 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta, dala 44 ga babba, ko da yana da wata inshorar. Hanya kuwa ita ce mafi sauƙi a cikin ukun: Kano ko Abuja zuwa Addis Ababa, daga nan kai tsaye zuwa filin Abeid Amani Karume. Sauyi ɗaya. Agogonsu ya riga namu da sa'a biyu kacal, barcin yara ba zai rikice ba.

Da zarar an shiga, hankali ya kwanta. Kiran salla yana iso ka duk inda kake. Matan gari da hijabinsu suke, don haka uwargida ba za ta ji ta fita daban ba. Abinci shinkafa ce, pilau da biriyani, kifi, miyar kwakwa, gurasa irin tasu da shayi mai kayan ƙamshi, kuma ɗan Kebbi da ya tashi kan shinkafa da kifi ba zai kwana da yunwa ba. Idan ka yi sallama za a amsa maka kamar a gida, sauran magana kuma Turanci ya wadatar a otal da kasuwa. Manyan otal-otal na bakin teku suna sayar da giya, baƙin Turawa kuma suna shiga ruwa da shigarsu. Wanda bai son yaransa su wuni cikin wannan ya kama ƙaramin masauki ko gidan haya a cikin ƙauye, ya ma fi araha.

A wajen abin gani, sauran biyun ba su kama ƙafarsa ba. Tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, ragowar zamanin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa can a ƙarni na 19. Akwai wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, wanda ya kamata yaro ɗan sakandare ya gani da idonsa. A Kizimkazi, can kudu, akwai masallacin da ke ɗauke da rubutun da ya nuna shekarar 1107. A dajin Jozani akwai jajayen birai da ba a samun irinsu a ko'ina sai Zanzibar, a ɗan tsibirin Changuu kuma manyan kunkuru. Abin da na fi so a kai yara shi ne gonar kayan ƙamshi. Kanumfarin da uwargida ke saye a ƙulle a kasuwa, a can za ta gan shi ɗanye a kan bishiya. Mai gonar zai ɓare ɓawon itace ya miƙa wa yaro ya ce ya shinshina, yaron ya ɗaga kai ya ce kirfa ce. Da yamma kuma a sauka dandalin Forodhani, inda ake kunna fitilu bayan magariba, masu gashin kifi da masu matse rake da citta da lemun tsami su jera tebura a bakin ruwa. A zaɓi abin da aka gasa a gaban ido, a tambayi farashi kafin a ci.

Zaɓen gefen da za a sauka yana da muhimmanci ƙwarai. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa nesa sau biyu a yini, har ka hango mata can ciki suna aikin ciyawar teku a inda ɗazu ruwa ne. Abin sha'awa ne, amma yaron da ya zo wanka sai ya jira sa'o'i, kuma akwai wasu halittu masu ƙaya a ƙasa, dole a sa masa takalmin roba. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya janyewa sosai, ana iya shiga kusan kowane lokaci, sai dai can ne hayaniya da 'yan talla masu naci suka fi yawa. Ga mai ƙananan yara, kwana biyu a tsohon gari da sauran kwanakin a arewa ya fi.

Lokacinsa ya yi daidai da namu. Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi, dogon hutun makaranta kuwa a tsakiyarsa yake faɗowa. A guji Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina. Akwai zazzaɓin cizon sauro, ko da yake an rage shi sosai, don haka gidan sauro da maganin shafawa ba za a bar su ba. Ana iya zuwa ta Dar es Salaam a jirgin ruwa, tafiyar kimanin sa'a biyu, amma ban ga dalilin ɗora wa yara wannan ba tunda jirgin sama yana sauka a tsibirin.

Maldives

Ƙasa ce ta ƙananan tsibirai kusan 1,190 a kudu maso yammacin Indiya, kuma a ƙofa ita ce mafi sauƙi: ana buga biza ta kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin kana da tikitin dawowa da shaidar masauki, ka kuma cike fom ɗin matafiya ta intanet kafin ka tashi. Hanyar ce mai tsawo. Ta Doha za a bi, jirgi biyu masu dogon zango, agogo kuma ya riga namu da sa'a huɗu.

Ƙasar Musulunci ce a tsarin mulkinta. Ta karɓi addinin a 1153, shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ma ya yi alƙalanci a can a ƙarni na 14, kuma tsohon masallacin Juma'a na Male, babban birnin ƙasar, wanda aka gina da duwatsun murjani a 1658, yana nan har yau. Sai dai Maldives iri biyu ce, kuma wanda bai san haka ba zai yi lissafin banza. Akwai tsibiran otal, inda otal ɗaya ya mallaki tsibiri ɗaya. Nan ne ɗakunan da ke kan ruwa, nan ne giya, nan ne kuma tsadar da ke sa mutane su ce ƙasar ta attajirai ce. Babu kasuwa, babu mai shayi, ko ruwan sha a hannun otal za ka saya da farashin da ya ga dama. Kai ka tsibirin ma kuɗi ne daban, a jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa, wanda ba ya tashi da dare. Ɗakin kan ruwa kuwa bai dace da mai yaro ɗan tatata ba, wasu otal ɗin ma ba sa yarda.

Iri na biyu shi ne tsibiran da mutanen ƙasa ke zaune, waɗanda aka ba su izinin buɗe gidajen saukar baƙi tun 2009. Maafushi ya fi suna, ƙasa da sa'a ɗaya daga Male a jirgi mai gudu. A irin waɗannan tsibirai doka ta hana giya da naman alade, an keɓe wa baƙi masu ƙaramar shiga gefe guda na bakin teku, sauran gari kuwa na masu sutura ne. Ta fuskar addini babu inda ya kai nan natsuwa. Farashi ma ya sauko ƙwarai, amma a tambaya ko an haɗa haraji, domin akwai harajin muhalli da ake biya kan kowane mutum kowane dare, ga harajin kaya da kuɗin hidima. A kuma lura jiragen ruwan gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a.

Ruwansa shi ne mafi kyau a ukun, garai-garai, yaro yana tsaye zai ga kifi na kewaya ƙafarsa. Babu zazzaɓin cizon sauro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2015, ko da yake ana samun dengi, wani zazzaɓi daban da shi ma sauro ke yaɗawa. Rauninsa biyu ne. Tsibiri ne da za ka zagaye da ƙafa cikin mintuna, kuma duk wani abin yi a cikin ruwa yake. Iyalin da ba su iya iyo ba za su ƙare kallo cikin kwana uku. Sannan manyan asibitoci a Male suke, idan yaro ya rikice da dare sai an nemi jirgin ruwa. Ranin ƙasar daga Disamba zuwa Afrilu ne. Agusta kuwa lokacin iska da ruwan sama ne, teku yakan yi tsauri, masu jiri su sha wuya.

Mauritius

Tsibiri ne guda babba, can gabas da Madagaska, mai mutane sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wanda ya sami 'yancin kai a 1968. Ana ba ɗan Najeriya biza ta mako biyu a filin jirgi, amma sai ya nuna tikitin dawowa, masauki da shaidar kuɗin da zai riƙe shi. Hanyarsa ce ta fi wahala daga arewa, domin ta Nairobi ko Dubai ake bi, wanda galibi ke nufin sai an gangara Legas ko an sauya jirgi sau biyu. Tikitinsa yakan fi na Zanzibar tsada.

Abin da kuɗinka ke saya a can shi ne tsari. Tituna masu kyau, asibitoci, manyan kantuna, babu zazzaɓin cizon sauro, kuma duwatsun murjani sun kewaye mafi yawan gaɓar, sai ruwan bakin ya zama kwantacce mara zurfi, musamman a Trou aux Biches da Flic en Flac. Ga yara masu wayo akwai abin gani kowace rana: ƙasa mai launi bakwai a Chamarel, lambun Pamplemousses, gandun dabbobi na Casela, gonakin rake har iyakar gani, da dutsen Le Morne inda bayin da suka tsere suka ɓuya.

Mabiya addinin Hindu ne kusan rabin jama'a, Musulmi kuma ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Akwai masallatai a garuruwa, ga babban masallacin Juma'a na Port Louis, babban birnin ƙasar, mai tarihi tun ƙarni na 19, kuma naman halal ba ya wuyar samu. Amma a otal sai ka tambaya, domin teburin abinci ɗaya yana iya ɗaukar halal da wanda ba halal ba. Mafita ita ce gidan haya mai kicin, a yi cefane a dafa. Wurare suna da nisa da juna, sai an yi hayar mota, kuma hannun hagu suke tuƙi, don haka ɗaukar direba ya fi. A Agusta sanyinsu ne, da iska a gefen gabas, ruwa kuma yana iya yi wa yaranmu sanyi. Daga Janairu zuwa Maris lokacin guguwar teku ne.

Wasu za su ce ina Seychelles? A 2023 ƙasar ta taƙaita shigar masu fasfon Najeriya da ke zuwa hutu, don haka ban sa ta a lissafin fitar farko ba. Cape Verde tana cikin ECOWAS, babu biza, amma hanyar jirginta zagaye ce, Musulmi kaɗan ne, tekunta kuma mai iska da igiya.

| Ma'auni | Zanzibar | Maldives | Mauritius |
|---|---|---|---|
| Biza | Tun daga gida, da jira | A filin jirgi, kwana 30 | A filin jirgi, mako biyu |
| Hanya daga arewa | Sauyi ɗaya, mafi kusa | Sauyi ɗaya, mai tsawo | Galibi sauyi biyu |
| Kuɗi | Mafi sauƙi | Matsakaici a gari, tsada sosai a tsibirin otal | Tsada |
| Halal da masallaci | Ko'ina | Ko'ina a tsibiran gari | Akwai, sai an tambaya |
| Hutun Agusta | Ya dace | Ruwa da iska | Sanyi-sanyi |
| Hutun Disamba | Zafi, ɗan ruwan sama | Ya dace, amma da tsada | Zafi |
| Zazzaɓin cizon sauro | Akwai kaɗan | Babu | Babu |
| Abin yi a tudu | Da yawa | Kaɗan | Da yawa |

Magana ɗaya kan ruwa, kuma ta shafi ko'ina aka zaɓa. Yaron da ya saba da gulbi a Argungu ko Yauri yana ganin ya san ruwa, amma gulbi gefe ɗaya yake gudu, teku kuwa yana turowa ne ya kuma ja da baya, kuma jan ne ke ɗauke ƙafa. Mu da muka sha jin labarin kifewar kwalekwale a yankinmu bai kamata a roƙe mu sa rigar kariya ba. Duk jirgin yawon da ba shi da rigar da ta yi daidai da jikin yaro, a fasa shiga, ko an riga an biya. A kuma ware babba ɗaya wanda aikinsa kawai kallon yara ne, ba ɗaukar hoto ba.

Wa ya dace da ina

Idan wannan ce fitarku ta farko, yaranku 'yan makaranta ne, hutun Agusta kuke jira, kuma kuɗin a ƙirge yake, Zanzibar nake ba ku shawara ba tare da shakka ba. Sharaɗin kawai a fara neman biza da wuri, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Haka ma idan za a tafi da Hajiya ko Baba, domin gajeriyar hanya da masallaci a bakin ƙofa sun fi musu komai.

Idan lokaci ya ƙure babu damar jiran biza, ko tafiyar ta Disamba zuwa Afrilu ce, ku kaɗan ne, kuma abin da kuke nema shi ne hutu a wurin da babu giya ko kaɗan, ku nufi tsibirin gari a Maldives, kwana huɗu ko biyar sun isa. Tsibirin otal kuwa a bar wa ango da amarya.

Idan akwai hali, yaran sun tasa, ko akwai wani a cikinku mai larurar da ke buƙatar asibiti kusa, Mauritius ta cancanci wahalar hanyarta. A kama gida mai kicin a gefen yamma ko arewa, a ɗauki direba, a kuma tsara tafiyar cikin mako biyun da bizar ta bayar.